Rigar Zaren Gilashi

Zamanin da kowa ya zama kamarad, ina aikin gyaran wayar tarho a Parakou, can bayan Gare, tashar jirgin ƙasa. Na tsufa a kan falwaya, amma da aka tashi tura mutum ɗaya Turai ƙaro ilimi, sai aka tsallake ni aka ɗauki wanda ni na koya wa riƙe filaya. Abin ya ci mini rai, ya kuma zauna.

Ya dawo da zare ɗaya tal, kamu biyu, a nannaɗe cikin gwangwanin alewa. Na gilashi ne, siriri kamar gashi, wai nan gaba haske zai bi ta cikinsa ya kai magana. Ya naɗa shi a yatsa, bai karye ba.

"Yaya, ka gani?" in ji shi. "Ƙarfin na gilashin ne. Wannan rigar roba tsare shi kawai take yi. In aka kankare ta, ƙura ko gumin hannu ya taɓa shi, ya sami tabon da ido ba ya gani. Daga wurin zai ɓalle."

Da bakinsa ya faɗa mini, ban tambaye shi ba.

Aka kira taro a Djougou, inda zai nuna zaren gaban manya. In sun gamsu, shi ne sabon shef, shugabanmu na aiki. Muna hanya tare, direba ya tsaya sallar azahar. Mai zaren ya miƙo mini gwangwanin, kada ruwan alwala ya taɓa shi. Ma'aikacin waya kuwa ba ya rabuwa da reza a aljihu. Na kankare rigar wuri uku, ko'ina tsawon farce, na murza da yatsana mai ƙura, na rufe. Sannan na yi alwala na bi shi sallah.

A zauren taro ya yi bayani har da Faransanci mai daɗi. Ya naɗa zaren a yatsa, sai ƙas. Ya yi murmushin yaƙe, ya ɗauki guntun ya sake naɗawa, ya sake ɓallewa. A karo na uku ma haka ya ɓalle.

Babban kamarad ya cire tabarau ya ce, "Wannan tsintsiyar ce jama'a suka aike ka ka ɗauko?"

Zaure ya kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa, kuma wallahi har cikin zuciyata na ji daɗi.

Aka tura shi ƙauyen Pélébina haƙa ramin falwaya, aka ba ni kujerar. Ranar da zai tafi ya shigo ofishina, ya durƙusa, hula a hannu.

"Yaya, kai ka koya mini aiki, ni kuma na kunyata ka gaban mutane. Ban iya ajiyar zaren ba ne. Ka yafe mini."

Rezar tana aljihuna. Na ce masa na yafe.