Buzun Mahaifina da Majalisar Dattawa

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, na yi wani garaje da har yau idan na tuna sai in yi murmushi, sannan in yi istigfari.

Gidanmu yana cikin gari, ba nisa da Ƙofar Sauri. A zauren gidan nan mahaifina ya shekara da shekaru yana ba da karatu bayan sallar La'asar. Magidanta ne ke zuwa, teloli da 'yan kasuwar hatsi da ma'aikatan da suka taso daga ofis, kowa da littafinsa a hammata. Da Allah ya yi masa rasuwa, dattawan unguwa suka zaunar da ni a kan buzunsa, suka miƙa mini gafakarsa da takardun da ya rubuta da ajami, aka shafa fatiha. A wurinmu wanda aka ɗora a kan buzun nan shi ne malamin zaure, kuma ba a ɗora mutum yau a sauke shi gobe. Na yi shekara tara a kansa.

Ina da aboki tun na ƙuruciya. Tare muka fara karatu a gaban mahaifina, shi ya yi nisa a boko har ya kama aikin hulɗa da ƙasashen waje a Abuja, iyalinsa kuma suna zaune a GRA a nan garinmu. Wata ranar Talata ina alwala rediyo na kusa da ni, sai na ji an karanta sunansa cikin waɗanda shugaban ƙasa yake so su zama jakadu. Mai karanta labarai ya faɗi inda aka aika sunayen, amma ni ban tsaya jin wannan ba. Na bar buta a nan na shiga cikin gida ina kabbara.

Ranar Asabar na tafi yi masa murna. Ƙofar gidan cike da motoci, ana ta shiga ana fita, wasu har sun fara ce masa ranka ya daɗe. Da ya gan ni sai ya ja hannuna muka koma gefe, ya ce, "Malam, idan abin nan ya tabbata, ina so mu tafi tare. Ka riƙe mini karatun yara, in kuma ƙasar Larabawa aka tura ni ka taimake ni da harshe."

Ku lura, sharaɗi biyu ya gindaya mini. Ni kuwa ban ji ko ɗaya ba. Kafin in iso gida na riga na ga kaina a Madina, ina sallar Asuba a sahun gaba.

Daga ranar nan zama ya gagare ni. Ina ba da karatu hankalina yana filin jirgi. Na yi fasfo, na kai ɗinki, na sayi akwati mai taya na jingine shi a bayan ƙofa. Sai kuma tunanin zaure ya dame ni: idan kira ya zo ba shiri, wa zan bar wa mutane? Ina da ƙane, mutum mai sanyin hali da yawan shiru, wanda ya yi karatu a hannun mahaifinmu sannan ya ƙarasa a hannuna. Na yanke shawarar in ɗora shi tun da wuri, a yi abin a tsanake.

Cikin masu ɗaukar karatu akwai wani dattijo, tsohon magatakardan kotu, sa'an mahaifina. Da na shaida masa niyyata bayan an tashi, ya ɗan jima yana naɗe tabarmarsa, sannan ya ce, "Malam, an naɗa abokin naka ne, ko sunansa aka kai?"

Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne. Shugaban ƙasa ne fa ya faɗa."

"Ba ɗaya ba ne. Shi nasa ya ambata. Sai Majalisar Dattawa ta zauna ta duba mutum ta amince, sannan ya zama jakada. Haka tsarin mulki ya ce."

Na yi dariya na ce, "Baba, mu da muka tashi a garin sarauta? Idan babba ya ce wane ne, ai saura naɗi kawai."

Ya ce, "Wannan a fada ke nan. Can kuwa wata ƙofa ce daban, kuma mabuɗinta ba a hannunsa yake ba." Ya saɓa tabarmarsa ya fita. Ni kuma na ce a raina tsufa ne, da son nuna an yi aikin kotu.

Mahaifiyata ma ta yi nata. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Mi kake ma gaggawa? Ka bari ka ga takarda a hannu mana."

Na ce, "Inna, ba na so in bar zauren Malam a yashe."

Ta ce, "To, Allah shi sa alheri. Amma abin da ka ba ƙanenka a gaban mutane, ka sani ka ba shi."

Ranar Juma'a bayan La'asar na tara dattawa. Na yi jawabi mai tsawo, har da hawaye, na nemi gafarar kowa kamar wanda jirginsa zai tashi da Magariba. Na kama hannun ƙanena na zaunar da shi a kan buzu, na ɗora masa gafaka a cinya. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Dattijon nan ma ya shafa.

Mako biyu bayan haka rediyo ta ce majalisa ta tafi hutu.

Ban taɓa sanin majalisa tana hutu ba sai ranar. Na buga wa abokina waya, ya ce haka ne, sai sun dawo za a sa ranar tantancewa, in yi haƙuri. Haƙuri kuwa shi ne abin da ba ni da shi. Na zama mai bin labarai kamar ɗan siyasa: na safe, na rana, na yamma, in kashe wannan tasha in kunna waccan. Ni da ban san yawan sanatoci ba, sai ga ni na san ranakun zamansu da sunayen kwamitocinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne La'asar. Gidanmu ƙofa ɗaya ce, ta zaure ake shiga, ta zaure ake fita. Idan ina ciki lokacin karatu, ina jin muryar ƙanena ta bango, ba damar fita sai na ratsa mutanen da na yi wa bankwana da kuka. Idan ina waje, ba damar shiga. Sai na koma yin sallah a wani masallaci can nesa, daga nan in yi ta yawo har Magariba. Na zaga kasuwa ba abin da zan saya, na bi layin GRA ina leƙen ƙofar abokina ko zan ga alamar wani motsi. Duk da haka ban tsira ba. Duk inda na bi sai wani ya tsayar da ni, a gaisa, a tambayi gida da iyali da gajiya, sannan a zo wurin: "Af, Malam, ashe ba ka tafi ba?" Wani tela mai barkwanci kullum in ya hango ni sai ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da sauka, mutanen Madina! Ina tsarabarmu?"

Akwatin nan na bayan ƙofa har matata ta fara ɗora kwanuka a kansa.

Sai da aka shafe wata huɗu sannan majalisa ta kira waɗanda aka aika sunayensu. Na kalli tantancewar a talabijin ɗin maƙwabcina da hantsi. Na ga abokina tsaye cikin farar babbar riga, mutumin da ake durƙusa wa a GRA, yana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibi a gaban malamai. Na ga da idona cewa mutanen nan ba taron shaida suka zo ba.

Bayan 'yan makonni aka karanta waɗanda majalisa ta amince da su. Na saurara har ƙarshe, babu sunansa. Ba wani laifi aka same shi da shi ba. An duba ne aka ga lokacin ritayarsa ya matso ƙwarai, aka ga bai dace a tura shi ba. Da na same shi a gida ina ta huci, ina cewa yaya za a yi shugaban ƙasa ya ce e wasu su ce a'a, sai ya zuba mini ruwa a kofi ya ce, "Malam, ikonsu ne, doka ta ba su. Ni na san da haka tun farko, shi ya sa ko tsinke ban kwashe daga ofishina ba. Kai ma ai ce maka na yi idan ya tabbata." Sai ya dube ni da kyau ya ce, "Wai da gaske ne ka ba da zauren?"

Na ɗauki kofin na shanye ruwan, na yi masa sallama.

Washegari da safe ƙanena ya shigo ɗakina da gafaka a hannu. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga amanarka. Dama riƙo nake yi maka." Ba zan ɓoye muku ba, hannuna har ya motsa. Shekara tara ba wasa ba ce, kuma a kan buzun nan ne kaɗai na san ko ni wane ne. Na ce masa ya ba ni zuwa yamma.

Na tafi gidan dattijon nan, kaina a ƙasa. Bai ce mini ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko wani tsohon kundin tsarin mulki da bangonsa ya yage, ya buɗe wurin, ya fassara mini a hankali: naɗin jakada ba ya aiki sai Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ya nuna mini ba jakadu kaɗai ba, har ministoci da shugaban alƙalan ƙasa. Na karɓi alƙalaminsa na rubuta ma'anar da ajami a bayan wata takarda, don hannuna ya samu abin yi. Sannan na gaya masa abin da ƙanena ya zo da shi.

Ya ce, "Shi kaɗai ba zai iya mayar maka ba, kamar yadda kai kaɗai ba ka ɗora shi ba. Mu muka shafa fatiha. In kana so, sai a sake tara mu, a tambayi masu ɗaukar karatu." Ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, yaron nan yana da haƙurin maimaitawa. Mutum biyar sun ƙaru."

Na fito ina tafe ina juya maganar. Na san idan aka tara su, kunyar mahaifina za ta sa su ce in koma. Na kuma san abin da zai kasance a zukatansu, da abin da zan yi wa ƙanena a gaban mutanen da suka fara kiransa Malam.

Da aka sallame La'asar a masallacin unguwarmu, na shiga gida na ɗauko littafina. Na fito zaure, na wuce buzun, na samu wuri tsakanin telan nan da wani mai sayar da gero na zauna. Ƙanena ya yunƙura zai tashi, na ce, "Zauna, Malam. A ina aka tsaya jiya?"

Telan ya matsa mini tabarma, ya raɗa mini a kunne, "Sannu da sauka." Wannan karon har ni aka yi dariyar.

Yau abokina ya yi ritaya, yana kiwon tumakinsa, wani lokaci ma yakan zo karatu. Ni kuma duk sanda na ji an ce an aika wa majalisa sunan wani, sai in ji tausayin waɗanda ke kewaye da shi, masu ɗinki da masu sayen akwati. Na koyi cewa ambato daban, tabbatarwa daban, kuma ban ƙara raina ƙofar da ban san mai riƙe da mabuɗinta ba. Ba zan ce abin ya daina taɓa ni ba. Wata rana idan aka yi tambaya mai wuya sai in ji amsar ta taso mini har maƙogwaro, in haɗiye, in jira mai buzu ya amsa. Sau da yawa kuma tasa ta fi wadda na haɗiye.

Takardar nan ta ajami tana cikin littafina har yanzu, da ita nake sa alamar inda aka tsaya.