Ƙafafun Keken da Sodangi Bai Taɓa Hawa Ba

Kafin motocin Kano su fara tsayawa a bakin titin Kankia, Malam Sodangi mai gyaran keke ya riga ya share gindin dalbejiyarsa, ya kifa keke a kan sirdi, ya zauna. Ba da sifana yake fara aiki ba. Yakan juya ƙafar keken a hankali, yana taɓa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya da farce, kai a karkace, ido a lumshe, kamar mai gyara tsirkiyar molo. Wadda ta saki muryarta daban, wadda ta ɗaure da yawa ita ma daban. Haka yake tun shekarar samun 'yancin kai, sai bana da gwiwa da ido suka haɗa baki suka ce ya huta.

Duk wanda kekensa ya bi ta hannunsa ya san halinsa, wani lokaci har haushi yake ba mutum. Ba ya ɗaura maka ƙafa sai ya tambaya, "Ina za ka da ita?" Sannan ya ce ka hau ka kewayo, ya bi sawun tayarka a ƙasa da kallo. Mai ɗauko buhun gero daga Dudunni, ƙafa mai kauri da wayoyi masu yawa. Masinjan ofis da ba ya sauka daga kwalta, mara nauyi. Da arzikin mai ya shigo, samari suka haukace da siririyar taya ta tsere, wai ita ce gayu. Ya gaya musu ta kwalta ce. Masu kunnen ƙashi suka sayo a Kano, aka riƙa ganinsu a yashin Kusada, keke a kafaɗa, gumi har ƙeya.

Amma shi ma gwanin yana da tasa siririyar ƙafar. Ya haɗa wa kansa guda biyu, ya daɗe yana yi, waya bayan waya, har suka yi sauƙin da za ka ɗaga su da yatsa. Ya rataye su a reshen dalbejiya, gangar jikin keken kuma tana jingine a rumfa babu ƙafafu. Idan iskar damina ta taso sai su riƙa juyawa su kaɗai, rana na walƙiya a wayoyinsu, shi kuwa ya ajiye aiki ya bi su da ido. A ransa ya riga ya wuce Charanchi, gonakin dawa na gudu ta gefensa, ganuwar Katsina na tasowa daga nesa. Kullum cewa yake bayan girbi zai tafi. Attajirai sun taya, ya ce ba su da ƙafar hawansu.

Wata ranar damina da hantsi, Manu ya iso. Bafulatani ne daga Mawashi, mai kawo nono Kankia a kan keke mai kaurin ƙafa da Sodangi ya haɗa masa. Ranar babu nono a bayansa. Kububuwa ta sari matarsa Haulatu a bakin garke, jini ya ƙi tsayawa, malamin asibiti da ya duba ta ya ce allurar sai Katsina. Ga shi ana wahalar fetur, motoci sun yi layi a tasha babu mai motsi.

"Malam, duba mini birki, Katsina za ni," in ji Manu.

Sodangi ya dubi keken, ya dubi rana. "Da wagga ƙahwa? Sai dai ka iske an kulle ɗakin magani. Sauka."

Ya miƙa hannu ya sauko da ƙafafunsa daga reshe. Waɗanda suke wurin sun ce hannunsa bai ko yi jinkiri ba, fuskarsa ce kawai ta sauya. Shekaru yana kallon yadda Manu ke taka feda da kaya a yashi, ya san in aka ba waɗannan cinyoyi kwalta da ƙafa mara nauyi, sai dai tsuntsu. Ya ɗaura su a gangar jikin nasa keken, ya buga iska, ya taɓa wayoyi ya saurara.

"Kak ka sauka daga kwalta ko da taki ɗaya. In ka komo, ga naka nan shina jiranka, shi ka shiga yashi."

Yinin nan bai karɓi aikin kowa ba. Ya warware ƙafafun keken nonon, ya sa giris, ya ɗaure wayoyi, ya jingine shi fuskarsa na kallon hanyar Mawashi. Da la'asar sakaliya Manu ya ɓullo, riga jiƙe, allura ɗaure a ƙirji. Ya diro daga wannan ya haye wancan, ko ruwa bai sha ba. Haulatu ta tashi. Ita ce har yau take aiko wa Sodangi da man shanu.

Ƙafafun kuwa ba su tashi ba. A hanyar dawowa wani rami kusa da gada ya lanƙwasa ta baya yadda ba ta gyaruwa, da ƙyar ta ƙaraso da shi, kuma kafin a samo irinta gwiwar Sodangi ta riga ta ƙi feda. Da Manu ya dawo bayan kwanaki, kai a sunkuye, yana neman bakin ba da haƙuri, Sodangi ya katse shi.

"Bar wannan. Gaya mini, ƙaƙa iskar take bayan Charanchi?"

Manu ya zauna ya ba shi labari, tun daga gangaren farko har ƙofar gari. Sodangi ya lumshe ido yana murmushi, bai buɗe ba sai da aka shiga Katsina.

Malam Sodangi, kai ne mai sauraron waya, kai ne ka ɗora mutane kan hanyoyinsu kai kana zaune wuri ɗaya. Raina yana sosuwa duk sanda na tuna ba ka yi tafiyar nan ba, amma ban taɓa jin ka yi da-na-sani ba. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya ba gwiwar nan sauƙi. Masu sana'a kuma, ku koyi tambayar mutum inda za shi kafin ku miƙa masa kaya.

Lanƙwasasshiyar ƙafar tana nan a reshen dalbejiya. In iska ta kaɗa ta, takan juya tana ɗingishi, shi kuma daga kan tabarmarsa yakan ɗaga kai ya ce wa mai wucewa, "Waccan ta je Katsina."