Jan Takalmi a Ƙofar Ɗakin Gwaji

Mun tashi daga Kazaure da asuba ranar Asabar, ni da gwaggota ungozoma, a motar malaman jami'a. Bincike suke yi kan abin da ke hana masu juna biyu zuwa gwajin cutar ƙanjamau, sun kuma kafa kwamiti da mutanen gari, gwaggo na ciki. Ni dai jakarta nake riƙe mata.

Hanya ta ratsa duwatsu, gero ya fara fid da kai, direba na ta kauce wa ramuka. Muka tsaya sayen ƙosai, gwaggo ta ce wa mai suyar ƙosanta kullum ramewa yake, kuɗinsa na ƙiba.

Da muka isa wani ƙauye gaba da Gwiwa, abin da na fara gani shi ne benci cike da mata a gaban asibiti, amma ɗakin gwaji da ke baya babu kowa. An shimfiɗa masa sabuwar darduma, mai shiga sai ta cire takalmi a waje. Ƙofarsa kuwa tana kallon hanyar famfo.

Na raɓa a ƙarshen benci kusa da wata matashiya mai tsohon ciki.

"'Yar makaranta, ke ma awon kika zo?" ta ce. Na rufe fuska, ta yi dariya. Can ta rage murya. "Ina son shiga, ƙanwata. An ce in an gano da wuri akwai maganin da ke kare jariri. Amma duba." Ta nuna jan takalminta mai ƙyalli. "Duk garin nan ni kaɗai ke da shi. In uwar mijina ta gan shi a ƙofar can, kafin in fito magana ta kai kasuwa."

Na ture mata silifas ɗina. Ta saka ta zagaya baya, ni kuma na zauna na lulluɓe nata da hijabina. Da ta dawo ban tambaye ta komai ba. Ta matse hannuna, ta karɓi takalminta.

A hanyar dawowa Malama, shugabar masu binciken, ta ce kowa ya faɗi abin da ya gani, don ba su zo su yi aikin su kaɗai ba. Gwaggo ta yi maganar nisa da kuɗin babur. Ni na bar tawa maganar sai mun sauka. Amma na gane abin da ke tsare mutum wani lokaci ƙarami ne, sai wanda ya zauna kusa da shi yake gani.

Da muka sauka a Kazaure na tare Malama a jikin mota, na durƙusa.

"Malama, don Allah, kafin ku wuce zango na gaba a Roni, a naɗe dardumar ɗakin gwajin nan. A bar mata su shiga da takalmansu."