Ƙofar da Baba Ya Fasa wa Gwaggo

Safiyar Litinin ce, washegarin Lahadin da gwamnati ta ce duk mota ta bar hannun hagu ta koma dama. Lokacin zafi ne, mangwaro ya fara nuna, tun rana ba ta ɗaga ba gumi ya jiƙa wuyan riga. Ina tsugune a ƙofar zaurenmu a Keffi ina tura itace a murhu, Inna tana zuba ƙullun masa a ramukan tanda, matafiya sun cika dogon bencin da Baba ya ƙera, kowa da tulin masarsa a ganye, sai muka ji tarin motar daga wajen kasuwa. Nan da nan aka miƙe, mai kwando ya ɗauki kwandonsa, mai akuya ya ja igiyarta, aka jeru a bakin hanya inda aka saba. Ta taho tana hayaƙinta, amma maimakon ta raɓo gefenmu sai ta bi ta can tsallake, ta je ta tsaya a gindin mangwaron maƙwabciyarmu Mama Saratu. Wani tsoho mai albasa ya ɗaga murya ya ce, "Audu, fushi kake yi da mu?" Audu direba ya zuro kai ta ƙofa ya ce, "Ba ni ba ne, Baba, gwamnati ce. Ku tsallako!" Aka kwashe da dariya aka tsallaka. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta bi motar da kallo, cokalin juya masa a hannunta, har ta ƙona layi guda, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Motar nan Gwaggo muke kiranta, don tsohuwa ce, ba ta sauri, kuma ba ta tashi sai ta yi mita. Kanta na babbar mota ne, jikinta katako da kwano, an shafe ta da shuɗin fenti, bencuna a ciki a jere kamar na majami'a, kaya kuma a bisa. Da safe takan zaga gari ta kwashi mutane, ta biyo ta ƙofar gidanmu, ta nufi Garaku, sai la'asar ta dawo. Abin da ya sa na tono zancenta yanzu, wasu mutane ne a garin nan da Allah ya ɗora wa son tsofaffin motocin haya. Akwai tsofaffin direbobi da makanikai a cikinsu, akwai ɗaliban jami'a, har da jikata Hauwa wadda ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage mini a baki ba. Suna tara tsofaffin hotuna, suna bin tsofaffi gida gida suna ɗaukar muryarsu a waya, suna tura wa juna. Da suka zo wurina na ce su gyara zama, don ni ba labarin Gwaggo na ji ba, a gabana ta tsufa.

Gidanmu da motar nan yake ci. Baba kafinta ne, aikinsa wata ya zo wata ya ɗauke, gonarmu ta doya da gyaɗa kuma ba ta kai mu ƙarshen shekara. Tandar Inna ce ke riƙe da tukunya, tandar kuma masu jiran Gwaggo ke riƙe da ita. Motar ba ta da lokaci, in ta ga dama ta zo da hantsi, saboda haka mutum zai fito da wuri ya zauna, in ya zauna ƙamshi ya kama shi, in ƙamshi ya kama shi an gama. Aikin kuwa tun jiya yake farawa. Da yamma ni da yayata mu tafi kogin Antau ɗebo ruwa, mu dawo mu tsince shinkafa a faifai, a jiƙa, a kai dutsen niƙa, mu yi ta gurza har kafaɗa ta yi tsami, sannan Inna ta haɗa ƙullu ta rufe shi ya kwana ya tashi. Da asuba ni ke share ƙofar gida, in yayyafa ruwa, in fito da benci, in jera duwatsun murhu. Yaran makarantar mishan da ke bin motar sukan zo da allunansu a rataye, su sayi masa su ɓoye a aljihun wando, mai ya fito musu a cinya, malaminsu ya gane. In mota ta tafi, bencin ya zama namu. Mu hau mu jeru, ƙanena ya riƙe murfin tukunya a gaba shi ne Audu, ni ce mai kiran "Garaku! Garaku!", sauran su yi ta tari da jijjiga, wanda ya faɗo an sauke shi a Garaku ke nan. Ko carabke da gaɗa ba su kai mana wannan wasa daɗi ba.

To, kwanakin farko bayan canjin hannu abin bai taɓa mu sosai ba, kuma ga dalili. Ƙofar Gwaggo ɗaya ce, a gefen hagu take, don a hagu aka saba tsayawa. Da ta koma tsayawa a tsallake, sai ƙofar ta zama tana kallon tsakiyar titi, wato tana kallon gidanmu. Mutane suka ga ai gara su zauna a bencinmu, in ta zo su ratsa rabin hanya su shige. Inna ta saki ranta, har tana cewa, "Motar ta fi gwamnati sanin ya kamata, ta juya mana fuska." Amma masu sauka a tsakiyar titi suke dira, kuma direbobin lokacin duk sun rikice, mutum yana tafiya a dama hannunsa na jan shi hagu. Wata safiya wata mata 'yar Gitata ta sauko da goyo a bayanta da ƙwaryar daddawa a ka, sai ga wata gingimari ta taho. Ƙarar birkin nan har yau ina jinta a haƙorina. Allah ya kiyaye, matar ta faɗi zaune, goyon ya tsala ihu, ƙwaryar ce kawai ta shiga ƙarƙashin taya. Warin daddawa ya kwana biyu a titin.

Da yammar ranar mai motar ya zo da kansa ya yi sallama da Baba. Ƙofa yake so a fasa wa Gwaggo a gefen dama, a toshe ta hagu, kuma duk unguwar ba wanda ya iya aikin jikin mota kamar Baba. Muna daga soro muna ji. Kowa a gidan ya san abin da sabuwar ƙofa take nufi: ranar da ta buɗe ta kalli mangwaron Mama Saratu, ba wanda zai sake zama a bencinmu. Duk da haka Baba ya ce to. Da ya shigo, Inna tana tankaɗe ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, an rasa kafinta a Keffi ne sai kai?" Ya ce, "Kande, yau ƙwarya ce. Gobe Asabe ce za ta tsallaka da faranti." Asabe ni ce. Tuwon daren nan da gudaji ya zo, kuma Inna ba ta tuwo da gudaji.

A ƙofar gidanmu aka ajiye motar aka yi aikin, wuni guda cur. Rabin unguwa ya zo kallo. Baba ya cire bencin gaba, ya ja layi da gawayi, ya sa zarto, ni kuma ina riƙe masa gwangwanin ƙusa ina ji da kaina kamar ni ce mai motar. Katakon maɗaci ya sa a bakin ƙofar, ya ce gara ba ta cinsa, ya yi matakala biyu saboda tsofaffi, ya goge da hannunsa har ba inda zai kama zanen mace. Audu ya zauna a inuwa yana ta tsokana, wai yau ga miji yana rushe kasuwar matarsa da zarto. Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai dai ka yi ta surutunka, Audu, gobe a tsallake za ka karya da ɗanyen mangwaro." Da ya zo toshe tsohuwar ƙofar na ga Baba ya daɗe yana daidaita katako ɗaya, alhali daidai yake. Sannan ya buga.

Washegari na share ƙofar gida, na yayyafa ruwa, na fito da benci kamar kullum. Inna ta hura wuta ta soya. Mutane suka yi ta zuwa suna gaishe ta daga nesa suna wucewa tsallake, don kowa na tsoron kada mota ta zo ta cika yana wannan gefe. Ɗaya biyu suka tsallako a guje suka saya suka koma. Baba ya hana ni kai faranti. Masa ta huce a kwano, mu muka ci ta da rana, muka ci ta da dare. Haka muka yi kwanaki, ƙullu yana raguwa a roba, miya tana tsinkewa a tukunya. Maƙwabta suka ce ta ɗauki tandar ta koma can mana, hanya ce kawai a tsakani. Inna ta ce ita tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa hura wuta a ƙofar wani ba, ba kuma za ta fara da furfura ba. A wurinmu a lokacin, mace ta kafa murhun sana'a a ƙofar gidan da ba nata ba kamar ta ce gidan mijinta ya gaza ne, kuma Inna gara ta kwana da yunwa da a faɗi haka a kan Baba, duk da fushin da take yi da shi.

Mama Saratu 'yar ƙabilar Mada ce, matar wani malamin makaranta, doguwa mai faɗin murya, Hausarta tana karkacewa amma ba ta taɓa hana ta faɗin abin da ke ranta ba. In Sallah ta zo mu kai musu nama, in Kirsimeti ta zo su kawo mana shinkafa, iyakar abin da ke tsakani ke nan sai gaisuwa. Wata safiya sai ga ta ta ratso titi da tsintsiya a hannu, ta tsaya a kan Inna ta ce, "Yaya Kande, mutanenki sun cika mini ƙofa, sun cinye mini mangwaro ɗanye da nunanne, suna tambayata masa. Ko ki zo ki kwashe su, ko ki zo ki ba su abinci." Inna ta ce ta gode, amma ta san ba a yin haka. Mama Saratu ta tsaya tana kallonta, ta juyo ta kalle ni ina riƙe da mafici. Sai ta kama hannuna ta ja ni har tsallake, a gaban duk masu jiran mota ta ɗora tafina a jikin itacen ta ce, "Ku shaida, daga yau mangwaron nan na Asabe ne, da 'ya'yansa da inuwarsa." Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaurenmu: "To Yaya, inuwar 'yarki ce. Ita ma ƙofar wani ce?" Tsohon nan mai albasa ya ce ya shaida, saura suka amsa. Can Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce mini, "Ke mai itace, zo ki ɗauki duwatsun nan, ko sai na roƙe ki izini?" Baba da kansa ya ɗauko bencin a ka ya tsallaka da shi, masar farko kuma da ta fito daga tanda a ganye Inna ta naɗe ta ce in kai masa. A gindin itacen nan ta yi suya har ƙarfinta ya ƙare, kuma duk shekara in ya yi 'ya'ya Mama Saratu ba ta tsinka ko ɗaya sai ta aiko a tambaye ni.

Kwanakin baya mutanen su Hauwa suka kai ni wani garejin makanikai a hanyar Gitata, inda suka jawo abin da ya rage na Gwaggo daga bayan wani kango. Ba inji, ba taya, kwanon ya ci tsatsa, kaji sun yi ƙwai a mazaunin Audu. Wani tsohon makanike a cikinsu, Malam Bitrus, yana ta lallaɓa ta kamar mara lafiya, yana gaya mini irin shuɗin da za su nemo. Suka kama ni na taka matakalar na shiga, na zauna a guntun bencin da ya saura, suka kewaye ni da wayoyinsu, na ba su labari har la'asar, muka sha dariya. Na ji daɗin ranar nan ƙwarai. A hanyar dawowa muka bi ta unguwarmu ta da. An faɗaɗa titin, ya cinye zaurenmu ya cinye ƙofar Mama Saratu, motocin Abuja suna wucewa kamar ana korarsu. Yanzu in za ka Garaku, ka ɗaga hannu kawai, kafin ka sauke shi mota ta tsaya, kuma ban ce wannan ba ci gaba ba ne, gwiwoyina sun fi kowa sani. Sai dai ba wanda yake zama ya jira tare da wani, balle yunwa ta kama su tare, balle su san sunan juna. Mu mun jira, kuma a wurin jiran nan muka zama mutanen juna.