Pwamor a Hanyar Djougou

A shekarun ƙarshe na mulkin juyin juya hali, lokacin da kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai gyaran taya, man fetur ya yi wuya a Parakou. Mijina direba ne, yana da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ta fi zama a ƙofar gidanmu na unguwar Albarika fiye da kan hanya. Ana cikin haka wata mai sayar da goro ta kawo mini saƙo daga Djougou: Inna, mahaifiyata, tana jin jiki, kuma sunana take kira.

Maigida ya zagaya gari ya dawo da ɗan man da ya samu a jarka, ya ce in an lallaɓa zai kai mu. Yayansa, malamin makaranta da yara ke kira Mushe, wato Malam a yaren boko na ƙasarmu, ya ce zai raka mu. Ban so ba. Mutum ne da in ya ga kunne biyu a zaune sai ya buɗe aji.

Muna wuce Tourou maigida ya fara abin da direbobi ke kira pwamor. Da an zo gangare sai ya cire giya, ya kashe inji, mota ta riƙa silalewa da kanta har ta kusa tsayawa, sannan ya tayar. Duk lokacin da injin ya yi shiru sai muryar Mushe ta cika wurin.

"Ka gani ko? Abin da duniya duka za ta koma ke nan. Esansi, man motar nan, ƙarewa yake yi, ba a shuka shi. Kakanninmu da ƙafa da jaki suka kawo goro Djougou, da man kaɗe suka kunna fitila, kuma ba su mutu ba."

"Yaya, ai sun mutu," in ji maigida. "Kuma esansi bai ƙare ba, yana nan tsallaken iyaka, an dai hana shi zuwa ne. Wanda ya hau mota ba ya komawa jaki."

"Zai koma, ko yana so ko ba ya so. Gara ya koya tun da sauran ƙarfinsa."

Ina zaune a tsakaninsu da ƙullin magani a cinya. Ban ji tsoro ba, ban ji haushi ba, ban ji komai ba. Ina dai kallon gonakin doya suna wucewa a hankali, har wani mai keke ya cim mana, ya gaishe mu, ya wuce.

Sai Mushe ya juyo gare ni. "Ke ma ki duba. Ba don mota ba, wa zai aurar da 'yarsa nesa haka? Da yanzu kina bayan katangar Inna."

"Ba don mota ba, da ko labarin ciwon ba ta ji ba," in ji maigida.

Kowannensu ya faɗi gaskiya, kuma da zan iya da na sauke su duka biyu a dajin nan. Na ce, "Maigida, ka bar kashe ta mana." Ya ce in bai kashe ba ba za mu kai ba. 

Duk da lallaɓawar, man ya ƙare muna hangen bishiyoyin bakin garin Djougou. Na bar su suna gardamar ko gangaren da aka wuce ne ya kamata a ƙara saki, na ɗauki ƙullina na kama hanya da ƙafa. Ban yi gudu ba. Har yau ban san dalili ba.

A bakin unguwarmu na haɗu da maza suna tahowa a jere, ƙafafunsu da jar ƙasa, biyu suna ɗauke da makara babu kowa a ciki. Kawuna ya gan ni, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Sai haƙuri, 'yata. Mun jira har rana ta fara karkata."

Na shiga gida. Mata suka taso suna kuka, suka rungume ni, ni kuwa idona a bushe. Wata ta karɓi maganin daga hannuna, ta rasa inda za ta ajiye shi. A bayan ɗakin Inna aka shanya tabarmar da aka yi mata wanka a kai, ruwa bai gama ɗiga daga gefenta ba.