Uwar da Muka Kawo wa Kifi

Kifin kakana sun ƙare a damina ɗaya. Ni na ɗauko musu ajalin a cikin ƙwarya.

Lokacin Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Malamin gona ya shigo Saulawa a kan keke da 'ya'yan karfasa cikin garwa, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Kowa ya ƙi karɓa, sai kakana. Ya juye su a kududdufin bayan gida, ya yi mana alkawarin miyar kifi. Dattawa suna ta dariya, wai tsoho ya koma kiwon ruwa.

Da hantsi, in ya watsa dusa, sai ruwan ya ɗauki ƙyalli kamar an zubar da allurai. Ƙanshin laka, inuwar giginya tana rawa a kai. In na rufe ido har yau ina gani.

Wata rana kakana ya ce mini, "Abokina, waɗannan marayu ne. Yaro ba ya tashi babu babba a gida."

Ya aike ni fadama, na kamo wata ƙatuwar karfasa ta zama uwarsu. Ban duba jikinta ba.

Ba a jima ba ƙananan suka daina cin dusa. Suna goga jiki da laka, suna tasowa sama baki buɗe. Na kama ɗaya, sai ga ƙwarƙwata manne a gindin ƙayarsa kamar kaska. Kakana ya zauna a bakin ruwa da gashin kaza yana cire musu ɗaya bayan ɗaya.

Kakata ta leƙo ta kan danga. "Malam, kitso kake musu? Ka bar mijina ya zo ya ci tuwo."

Da malamin gona ya dawo, ya ce uwar da na kamo a fadama ce ta kawo ƙwarƙwatar, kuma da an fara tsoma ta a ruwan gishiri da ba a yi asara ba. Uwar kaɗai ta rage. Kakata ta ɗora tukunya. Kakana ya hana.

"Baƙuwa ce. Mu muka gayyato ta."

Ni na mayar da ita fadama, a ƙwaryar da na kawo ta. Daga nan kakana bai ƙara zama a majalisar dattawa ba.

An cike kududdufin, an yi gini a kai. Yanzu ina Makarfi, ina gadin tafkin kifin wani. Baƙon kifi ba ya shiga ruwana sai ya yi wankan gishiri.