Randebun Gwaggo Hajara

Shekara tara ke nan da muka kai Gwaggo Hajara makwancinta a Mirriya, kuma har yau idan na tuna ta yatsunta nake fara gani.

Ƙanwar mahaifina ce, maginiyar tukwane. Ciwon gaɓoɓi ya kama su su biyu, ita da Baba. Shi Baba, kamar yawancin mutanenmu, ba ya zuwa asibiti sai ciwo ya kayar da shi. A kai shi Damagaram a amalanke, a yi allura, ya ji dama, sai kuma baɗi. A haka yatsunsa suka lanƙwashe har ya kasa riƙe hauya, daga baya ko lomar tuwo ta gagare shi. Gwaggo ce ke ba shi a baki. Ina ƙarama na ji ta ce masa: "Yaya, ni dai in Allah Ya yarda babu mai sa mini loma."

Likita ya yanka mata randebu, wato ranar komawa, duk bayan wata uku. Abin da ya ɗaure wa gari kai shi ne tana zuwa ko da lafiyarta ƙalau. Ta sha kwalliya, ta rufe yumɓun da ta kwaɓa da jiƙaƙƙen buhu, ta tafi tasha. Damina ko rani, ko ana tsakiyar biki. Mata suka sa ta gaba. Wasu suka ce mai lafiya ya je layin asibiti ai kiran ciwo yake, wasu suka ce ta dai yi bazawari a birni. Ni ma na taya su dariya, don wallahi abin ya yi kama da wauta.

Har lalle ta daina sawa idan ranar ta matso, wai kada ya rufe wa likita kumburin da ita ba ta gani. Da na raka ta sau ɗaya, na ga yadda yake matsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya aika a ɗebi jini, ya rage wani magani. A hanyar dawowa na tambaye ta amfanin wannan wahala, tunda babu inda ke mata ciwo. Ta ce: "'Yar nan, ranar da nake jin ciwo ai ya riga ya ci abin da zai ci."

Yanzu waya ta cika hannun kowa, har hoton gwiwa ake tura wa likita daga ƙauye kamar Gaffati. Amma halin yana nan: aka ji sauƙi, an manta da randebu. Da Gwaggo na raye, na san za ta riƙe haɓa ta ce an kawo muku likita har aljihu kuna gudunsa. Hoton kuwa ba za ta yarda da shi ba, sai an taɓa.

Ciwon bai bar ta ba, ta sha fama, safiya da yawa sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta iya alwala. Amma har azuminta na ƙarshe da hannunta ta yi buɗa-baki. Wannan abu har gobe yana ba ni mamaki.

Randar da ta gina a shekararta ta ƙarshe tana tsakar gidana. A wuyan randar akwai sawun yatsunta, a miƙe sumul. Bara ni ma nawa yatsun suka fara ƙagewa da safe. Jibi nake da randebu, kuma lafiyata ƙalau. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya jiƙan Baba.